Nas Ta Koma Suyar Kifi

Mbita, watan Fabrairu

Zuwa ga 'yata Awuor,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da kika sani. Ruwa bai sauka ba tukuna, tafki ya ja baya, kifi ya yi tsada. Ki gaida mijinki.

Gaisuwa ta ƙare nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, matar fasto ta tare ni a ƙofar coci, gaban mata, ta ce, "Maman Awuor, ashe 'yarki ta gaje ki?" Na ce gadon me? Ta ce ƙanenta mai tuƙa bas zuwa Nairobi ya gan ki da idonsa a Kariobangi, bakin titi, kin ɗaura zani a kan riga kina juya kifi a kasko. Na yi dariya, na ce ƙanen nata ya rage shan giya. Na ce 'yata nas ce a babban asibiti, farin kaya take sawa, likitoci sun san sunanta. Sai ta ce, "To, Allah ya sa." Yadda ta ja "Allah ya sa" ɗin nan ne ya hana ni cin abinci ranar.

Ki rubuto ki ce ƙarya ne. In kuwa gaskiya ne, ki gaya mini wanda ya kore ki, in nemi wanda zai je ya ba shi haƙuri. Ni dai ban yarda mai hankali zai ajiye aikin gwamnati da fansho da kansa ba.

Tun ina budurwa nake kankare kifi a bakin tafkin nan. Hayaƙin banda ya kusa cinye mini ido ɗaya. Ubanki ya mutu kina firamare, da kwandon da ke kaina na kai ki har makarantar jinya. Ban sha wannan wahala don ki je birni ki tsuguna gaban murhu ba.

Ina jiran amsa. Allah ya kiyaye ki.

Uwarki,
Persila Adoyo

*

Kariobangi, Nairobi, watan Maris

Mama,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ki riƙa shafa man da na ba ki, ki daina ajiye shi sai baƙi sun zo.

Ba ƙarya ba ne, kuma ba wanda ya kore ni. Da hannuna na rubuta takardar ajiye aiki. Shugabarmu ta ce in je gida in yi tunani, na ce mata na gama tunanin kafin in shigo.

Bayan mun binne jikarki Akoth na koma asibiti kamar yadda kika umarta. Na yi iya ƙoƙarina. Ba zan iya tsayawa a sashen yara ba, kuma ba na son wani sashen. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan, kada ki tambaye ni ƙari.

Rumfar tawa ƙarama ce, ta langa-langa, benci biyu da babban kasko. Ina soya karfasa, ina tuƙa ugali, tuwon masararmu, ina yin ganye. Makanikai da kwandastoci ne masu zuwa, yawancinsu mutanenmu na bakin tafki da ke kewar abincin gida. Suna ci, suna suɗe hannu, su tashi da ƙafarsu su tafi. Wannan ya ishe ni yanzu.

Abu ɗaya nake nema. Kifin kasuwar nan yakan ratsa hannu da yawa kafin ya iso gare ni, ya gaji, idonsa ya faɗa. Ke kin san masu kwalekwale, sun kuma san ki. Ki riƙa zaɓo mini karfasa ki sa a bas cikin ƙanƙara. Ciniki nake nema, ba alfarma ba. Zan biya kamar kowa.

Matar fasto kuwa, ki ce mata in ta zo Nairobi ta biyo, akwai benci.

'Yarki,
Awuor

*

Mbita, watan Maris

Awuor,

Ina gaisuwa. Man da kike magana ya ƙare tun tuni, kuma bai yi komai ba.

Na karanta wasiƙarki har na haddace ta. Wato kin kashe aikinki, yanzu kuma kina so ni in kawo itacen da za a ƙona shi. Ba za ki samu ko jelar kifi daga hannuna ba. Jiya na bi bakin ruwa kwalekwale bayan kwalekwale, na gaya musu duk wanda ya sayar wa 'yata kifi ya nemi wata mai saye, ni da shi mun gama. Tsoho Ogola ya ce, "Haba Persila, 'yarki ce fa." Na ce, "Da taka ce ai da ban zo ba." Na wuce kwalekwale na gaba.

Kin ce ba za ki iya ba. Ke kaɗai ce kika taɓa binne ɗa? Ni uku na binne. Wanki Ouma da yamma aka sa shi a ƙasa, washegari ina bakin ruwa da kwando, nonona na zuba yana jiƙa mini riga. Ba wanda ya ce in je gida in yi tunani. Da na zauna ina cewa ba zan iya ba, da yunwa ta kashe ki kafin ki iya rubuta sunanki, balle ki rubuto mini rashin kunya.

Akoth jikata ce, ni na fara yi mata wanka. Kada ki nuna mini kamar ke kaɗai aka yi wa rashi. Amma mutuwar yarinya ba ta hana uwa tashi da safe ta sa kayanta ta tafi aiki.

Ki koma wurin shugabar nan taku tun ba a ba wata gurbinki ba. Ki durƙusa, ki ce baƙin ciki ne ya juya miki kai. Za su karɓa. In kin yi haka zan manta da wannan magana kamar ba a yi ba. In kin ƙi, to ki soya takalmanki ki sayar.

Shi mijinki kuma fa? Yana kallo matarsa tana zuba wa kwandastoci miya?

Allah ya dawo miki da hankalinki.

Uwarki,
Persila Adoyo

*

Kariobangi, watan Mayu

Mama,

Ina gaisuwa, ina fata ruwan da aka ce ya sauka bai yi ɓarna ba.

Na yi jinkirin amsa ne don aiki ya yi mini yawa. Kada ki damu da maganar kifi, na samu mai aiko mini. Nyar Gwasi ce. E, ita dai, wadda kuka yi dambe a kan wurin shanya kifi har ta yage miki ɗankwali. Da na aika mata, ko tambaya ba ta yi ba. Ta ce in gaya miki tana gaisuwa, wai tana kula da 'yarki tun da ke ba ki da lokaci. Ashe ba dukan bakin ruwan ne naki ba.

Kin ce kin binne uku kin tashi washegari. Na sani, tun ina ƙarama nake jin wannan labari. Abin da ban taɓa ji ba shi ne sunan sauran biyun. Ouma kaɗai kike ambata, shi ma sai in za ki kunyata wani. Kin tura su can ƙasa kin ɗora kwando a kai, kina kiran abin jarumtaka. Ni ba zan yi wa Akoth haka ba.

Kin tuna abin da kika ce mini a Alego, gidan su mijina Oluoch, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba? Kika ja ni bayan ɗaki kika ce, "Share fuskarki, mutane na kallo. Hutun kwana nawa suka ba ki?" Mata baƙi da ban sani ba sun rungume ni ranar. Ke kuwa hutuna kike tambaya.

Ba aikina kike wa kuka ba, Mama. Farin kayan kike wa kuka, da yadda ake cewa "ga uwar nas" in kin shiga coci. In kayan kike so, suna nan a ninke, sai in aiko miki ki rataye a ƙofa.

Maganar mijina kuma, ki bar ta.

Ki huta lafiya.

Awuor

*

Makongeni, Nairobi, watan Yuni

Zuwa ga surukata mai daraja, Mama Persila Adoyo,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ki da dukan mutanen gida, ina roƙon gafara da na rubuto miki kai tsaye. Na san ba al'ada ba ce, amma abin ya fi ƙarfina.

Wataƙila 'yarki ba ta sanar da ke ba cewa ta bar gidana tun watan Afrilu. Tana kwana a wani ɗan ɗaki bayan rumfar da take sana'arta. Na aika kawuna, na aika dattawan coci, ta ba su abinci ta sallame su. Abokan aikina a ofishin jirgin ƙasa suna zuwa can cin rana, su dawo suna ce mini, "Oluoch, matarka ta iya miya." Mama, ni mutum ne mai matsayi a wurin aikina.

Akwai kuma abin da na ga ya kamata ki sani, don na lura an ɓoye miki. Ranar da aka kai Akoth asibiti numfashinta na sarƙewa, uwarta ce ke bakin aiki a sashen. Tukunyar iskar numfashi ɗaya ce ta rage mai aiki, tana kan wani yaro da aka kwantar tun safe. Wata abokiyar aikinta ta ce mata ta cire ta sa wa tata, ba wanda zai ce komai. Ta ƙi. Ta tura a nemo wata daga wani sashe. Kafin a turo ta, 'yata ta cika. Yaron nan, ɗan wasu da ba mu sani ba, an sallame shi lafiya.

Na yi haƙuri matuƙa. Sau ɗaya kawai na tambaye ta, wace irin uwa ce za ta zaɓi ɗan wani ta bar nata? Don wannan tambaya ta kwashe kayanta. Ina ganin uba yana da hakkin ya yi tambaya.

Duk da haka a shirye nake in yafe mata, in ta rufe rumfar nan ta koma aikinta da ɗakinta. Na ji cewa ke ma ra'ayinki ke nan, shi ya sa na zo gare ki. Ki yi mata magana da ƙarfi. Dattawanmu a Alego sun fara maganar a dawo da shanun aure, ni nake danne su, amma ba zan iya danne su har abada ba.

Ina jiran taimakonki. Ubangiji ya ƙara miki lafiya da tsawon rai.

Surukinki mai biyayya,
Jared Oluoch

*

Mbita, watan Yuni

Zuwa ga mijin 'yata,

Na amsa gaisuwarka, ka gaida naka.

Tun ranar da danginka suka koro shanu gidan nan ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa cin abinci a gabanka ba, in na hango ka nakan sauya hanya. Yau zan kira. Oluoch. Oluoch, ka ji ni da kyau.

Ka ce wace irin uwa. Irin wadda ni na haifa. Da ta zare robar iskar nan daga hancin ɗan wata, ta tsaya tana kallonsa yana shure-shure, da ba ta ƙara taka ƙofar gidana ba. Shi wancan yaron daga dutse ya fito? Ba shi da uwa zaune a bakin gado?

Kai kana ina ranar? Ba ka faɗa ba a cikin dogon turancinka. Ita tana tsaye tsakanin gado biyu, kai kana ofis kana buga hatimi. Wanda bai tsaya wurin ba ba shi da bakin tambaya. Ka ce sau ɗaya ka tambaya, kamar ka yi abin kirki. Irin wannan tambaya sau nawa kake so a yi ta?

Wai za ka yafe mata. Ka ajiye yafiyarka, wataƙila wata rana ka buƙace ta.

Shanu kuwa suna nan, wasu sun haihu. Ka gaya wa dattawanku su zo da igiyoyinsu. Amma ka zo tare da su, don ina so in maimaita tambayar nan taka a gabansu, in ga wanda zai ɗaga kai.

Kada ka ɗauka ni da kai layinmu ɗaya. Ni ba na son rumfar nan, kuma zan ci gaba da gaya mata har in mutu. Wannan tsakanina da 'yata ne. Kai damuwarka abokan ofis. In miyarta na damunka, ka ce su daina zuwa.

Kada ka sake rubuto mini.

Persila Adoyo

*

Kariobangi, watan Yuli

Mama,

Ina gaisuwa.

Wa ya aike ki? Oluoch ya zo rumfata tsakar rana, benci cike da mutane, yana kaɗa wasiƙarki a sama yana ihu wai na haɗa shi da uwata ta zage shi. Ya shure bokitin wanke hannu. Sai da wani makanike ya miƙe ya ce, "Malam, ko ka zauna ka ci kifi, ko ka ba mu wuri," sannan ya fita. Yanzu duk layin nan sun san abin da ya faru da 'yata. Mai sayar da gawayi ma sai da ta zo ta yi mini ta'aziyya. Na zo nan ne don ba wanda ya sani, ke da shi kun ƙwace mini wannan.

Kuma kada ki mai da ni wata waliyyiya, ki je ki ba matan coci sabon labari a madadin na farin kaya. Tun da kin ji rabi, ga sauran.

Ban yi nadamar barin robar a hancin yaron ba. In aka sake, haka zan sake yi, ko da yake ban san yadda zan rayu ba. Abin da ya kore ni daban ne. Da na koma aiki, yaron yana nan bai gama warkewa ba. Sunansa Kimani. An ce in ba shi magani. Na zo bakin gadonsa, ya yi mini murmushi, ya miƙo hannu yana wasa da agogona. Mama, na tsane shi. Na ji tsanar tun daga cikina har yatsuna. Uwarsa tana ta yi mini godiya, ni kuwa ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka ina jin haushin kowane numfashi. Na ba shi maganin daidai, ban yi kuskure ba. Amma daga ranar, duk yaron da ya warke sai in ji kamar an mare ni.

Macen da ke jin haka ba ta da hurumin riƙe allura kusa da 'ya'yan mutane. Ba wanda ya gani, ni na gani. Kin ce in durƙusa su mai da ni. Za su mai da ni kuwa, da murna, shi ya sa ba zan je ba.

A gaban kasko ba na tsanar kowa. In kifi ya ƙone, in jefar in sa wani.

Ga abin da za ki ji daɗinsa. Nyar Gwasi ta fara cika mini ƙasan kwando da kifin jiya, ta rufe da mai kyau a sama. Wancan makon rabi na zubar, kwandastoci biyu sun daina zuwa. Ki yi dariyarki. Ban roƙe ki komai ba, kuma ba zan rufe ba, ko da ganye da ugali kaɗai zan sayar.

Abin da kika gaya wa Oluoch, ya karanta shi da ƙarfi gaban kowa. Na ji. 

Ki kula da gwiwarki.

Awuor

*

Mbita, watan Yuli

Awuor,

Ina gaisuwa.

Ban yi dariya ba. Nyar Gwasi ɓarauniya ce tun kafin a haife ki, kuma na gaya mata haka jiya a gaban mijinta.

Ra'ayina bai sauya ba. Rumfa ba wurinki ba ce.

Zan shigo bas ɗin ranar Jumma'a. Ogola ya zaɓo karfasa, ni na duba su ɗaya bayan ɗaya. Zan zo in ga kaskon nan da idona, don na tabbata wuta kike cika masa, tun kina yarinya haka kike. Abin da kika rubuta game da yaron nan ba na takarda ba ne, kuma ban gaya wa kowa ba. Ban san ko ina da abin faɗa ba. Zan dai zauna.

Ki zo tasha da wanda zai ɗauki kaya, kwandon da nauyi, ni kuma ba zan iya tsayuwa da yawa ba. Ki nemo mini katifa. Ba na kwana a benci.

Uwarki,
Persila Adoyo